Mai Dogon Wuya da Marar Madubi

Lawandi mai shago a Ƙofar Ƙaura
ya ɗora su biyu a kan kanta, ya ce,
"Malam Tukur, kai ba baƙo ba ne.
Je ka kwana da su,
gobe ka maido wadda zuciyarka ta ƙi."

Ta farko baƙa ce mai tumbi,
idonta a manne yake, ba ya cira.
Taɓa ta da yatsa, wuyanta ya yi ta miƙewa
kamar zalɓe ya hango kifi.
Ta biyu siririya, babu madubi a cikinta,
ana sauya mata ido yadda ake sauya hula,
sai dai kowane ido kuɗin ragon layya ne.

Da hantsi na hau babur zuwa Ajiwa.
Can ƙetaren ruwa wani ɗigo fari
ya tsaya a kan kututture.
Mai dogon wuya ta miƙa, ta miƙa,
ta ɗauko mini shi har tafin hannu:
balbela ce, ƙafa ɗaya a naɗe,
tana susar ƙasan fiffike.
Har ƙwayar idonta na gani, rawaya,
ban jiƙa ko takalmi ba.
Marar madubi kuwa
ruwa ta ba ni, da sama, da ciyawa,
da ɗigon nan fari
kamar an yar da ƙullin auduga.

Na ce, shari'a ta ƙare.
Na sayi gasasshen kifi na ci a tsaye.

Bayan magariba aka ɗauke wuta.
Baba na zaure, kamar kullum,
ya kifa rediyon wani a cinya,
tocila a tsakanin haƙoransa,
yana neman wayar da ta tsinke.
Daga bakin ƙofa na saita mai dogon wuya.
Ta yi ta lalube, gaba, baya,
kamar mai neman allura a rumbu.
Abin da ta kawo, fuska ce da aka watsa wa gero,
hannu ya zama hayaƙi.

Na ɗauko siririyar.
Ita ba ta zuwa aike.
In kana son abu, kai za ka taka.
Na yi taku uku. Bai isa ba.
Na ƙara biyu, na durƙusa,
har gwiwata ta taɓa gefen tabarmarsa,
har na ji warin dalma da man zafi.

Sai ga shi.
Tabon ƙuna a babban yatsa, wanda ban san da shi ba.
Tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zaren lilo.
Furfura ta gama da girar hagu,
ta dama tana jiran layi.
Hannun yana ɗan rawa,
yana dafe shi da ɗayan don kada waya ta gane.

Ya zare tocila daga baki, ya ce,
"Yau kuma lafiya ka matso?"
Na ce gwaji nake yi.
Ya ce, "To riƙe mini hasken, tunda ka zo."

Da safe na ƙirga abin da ke aljihu.
Albashin malamin firamare ba ya jin waƙa.
Mai dogon wuya na biya,
Lawandi ya goge siririyar ya mayar cikin kwali,
ya tura mini hoton Baba a waya, kyauta.

Yanzu ina da wata da duk ramukansa,
ina da tantabarun saman Gobarau ɗaya bayan ɗaya,
da shaho a kan turken sadarwa.
Da dare kuwa tana rataye a ƙusa, wuyanta a ciki,
ni ina zaure,
tocila a hannuna.
Jiya ya ce na cika karkatar da haske.